Ɗanye da nunanne: shekarar da na yi ina latsa tumatir

Kwandon farko a Bakin Dogo na sayo shi, wata safiyar Janairu da hazo ya lulluɓe Kaduna har ba a hango ƙarshen layin motocin da ke sauke kaya. Da shi zan fara binciken kammala karatuna, kuma a takarda aikin ba shi da wuya ko kaɗan: in tsoma tumatir cikin ruwan gishirin kalsiyam, in jera shi a kanta, in riƙa auna taurinsa kullum, in nuna cewa wanda aka tsoma ya fi jimawa bai yi laushi ba. Dalilin ma na riga na haddace shi. A bangon ƙwayoyin halittar tsiro akwai wani sinadari da ake kira fektin. Kalsiyam yana ɗaure fektin. Idan ya ɗauru, tsoka ta yi tauri. Da wannan guzurin na shiga kasuwa.

Dattijon da na yi ciniki da shi, kowa Baba yake ce masa. Da ya ga ɗaliba da jakar littattafai tana taya kwando guda, sai ya ce, "'Yata, biki za a yi ne?" Na yi masa bayani iya yadda zan iya. Bai ce komai ba. Ya sa hannu cikin kwandon ya zaro guda uku, ya jujjuya kowanne a tafin hannu, ya ɗan dafa shi da babban yatsa kusa da hanci. "Wannan zai kai Legas. Wannan in ya kai Abuja an gode Allah. Wannan kuwa yau za a markaɗa shi." Ni dai jajaye uku nake gani, girma ɗaya, sheƙi ɗaya. Na yi masa godiya, aka ɗora mini kwandona a keke napep.

A ɗakin gwaji muna da wata na'ura mai ɗan tsinken ƙarfe. Ka ɗora tumatir, tsinken ya sauko ya danna har ya huda shi, allo ya nuna maka ƙarfin da aka sa kafin ya hudu. Mako biyu ina wannan aiki safe da yamma. Da na tattara lambobin na zana su, wanda aka tsoma da wanda ba a tsoma ba tafiyarsu ɗaya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne waɗansu da suka kwana bakwai sun fi na kwana uku tauri a wurin na'urar, alhali da hannuna na ɗauke su, na ji sun yi yaushi, fatarsu har ta fara yamushewa. Na sayo kwando na biyu na maimaita. Haka dai.

Na kwashi takardun na kai wa malamin da ke duba aikina, da niyyar in roƙa a canja mini batu. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ɗago kai. "Kin taɓa yanka ɗaya kin duba cikinsa?" Na ce, "Malam, ai na'urar ce ke aunawa." Ya tashi ya ɗauko reza, ya sa na kawo masa tumatir biyu, wanda ya fara ja da wanda ya nuna tuɓus. Ya yanko 'yar tsoka daga kowanne, ya ɗora a gilashi da ɗigon ruwa, ya tura ƙarƙashin madubin likita. "Zo ki duba."

A na farkon, ƙwayoyin suna manne da juna kamar saƙar zuma, kuma duk inda reza ta bi ta tsakiyarsu ta ratsa, sun fashe sun zubar da ruwansu. A na biyun sai ga su sun warwatse cikin ɗigon ruwan, kowace ita kaɗai, a cike, lafiyarta lau, kamar ƙwan kifi. Babu abin da ya fasa su. Sakin juna kawai suka yi. Malam ya ce, "Lambarki tana faɗa miki ƙarfin da ya karya abu. Ta ina ya karye, wannan sai kin sa ido. Je ki fara daga nan."

Misalin da ya zauna mini a kai, wanda har yau da shi nake yi wa ƙannena bayani, shi ne ledar fiya-wata. Ka samu ledoji cike da ruwa, ka shafa musu gam, ka manna su da juna har su zama dunƙule guda. Tsokar tumatir ke nan, ko ta gurji, ko ta mangwaro. Kowace leda ƙwayar halitta ce, robar ledar ita ce bango, gam ɗin kuma shi ne siririn yaɓen da ke tsakanin bango da bango, wanda mafi yawansa fektin ne. To, sa haƙori. Idan gam ya fi leda ƙarfi, ledojin ne za su fashe, ruwa ya cika maka baki, ka ji ƙaras. Haka gurji yake, haka yalo, haka ɗanyen karas. Idan kuwa gam ɗin ya saki, ledojin zamewa za su yi su rabu ba tare da sun fashe ba. Ruwan yana nan a cikinsu amma harshe ba ya samun sa, sai ka ji abu gari-gari a baki. Tuffar da ta daɗe a tire har ta yi gari, da sabuwa mai ƙaras, ruwan cikinsu bai bambanta sosai ba. Hanyar karyewarsu ce ta bambanta.

Akwai kuma cikar ledar kanta. Ƙwaya mai rai tana zuƙo ruwa har ta tokare bangonta. A lafiyayyen ganye wannan matsi yana fin na iskar tayar mota. Shi ya sa alayyafo ke tsaye da safe ya langaɓe da rana, mai kayan miya ya yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, fektin ɗinsa kuwa yana nan yadda yake. A nan na gane abin da ya sami tumatirina na kwana bakwai. Iskar hunturu ta shanye ruwansu, ledojin sun saki, fatar ta zama kamar jemammiya. Tsinken na'ura sai ya yi ta lotsa ta tana bin sa kafin ta yarda ta hudu, allo kuma ya rubuta babbar lamba. Jimirin fata nake aunawa, ina rubuta shi a matsayin taurin tsoka.

Sai na koma na karanta fektin da kyau, wannan karon ba don jarrabawa ba. Wani masanin sinadarai na birnin Nansi a Faransa, Henri Braconnot, shi ya ware shi ya bayyana shi a 1825, sunan kuma daga wata kalmar Girkanci ya fito mai nufin abin da ya daskare. Na so in gan shi da idona, don haka na tara ɓawon lemo a gida, na fi neman farin nan na ciki mai kama da soso. Na dafa shi a ruwa mai ɗan tsami, na tace, na zuba etanol a kan ruwan. Sai ga wani farin gajimare mai santsi ya taso ya dunƙule. Na daɗe ina kallonsa. Daga ɓawon lemo da tukar tuffa ake samo yawancin fektin ɗin da masana'antun duniya ke sa wa jam da yogot don su yi kauri. Mu kuma kullum a bola muke zubar da shi.

A tsire-tsire irin su tumatir, wake da kuɓewa, fektin yakan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na bangon ƙwaya mai tasowa. A dangin ciyawa, su dawa, gero, masara da rake, ɗan kaɗan ne, kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari. Mafi yawan fektin, wajen kashi 65 cikin ɗari, doguwar sarƙa ce miƙaƙƙiya da aka jera wani sukari mai tsami, galakturonik asid, ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi. Sauran masu rassa ne, kuma irin mai rassan ne ya yi yawa a kuɓewa, shi ke ba miyarta yauƙi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hula. Lokacin da ƙwaya ta ƙera sarƙar ta turo ta cikin bango, yawancin 'ya'yan carbin suna sanye da wata 'yar hula da ake kira metil. Muddin hular tana kai, ɗan carbin ba ya kama komai. A bangon akwai wani enzayim, wato irin furotin ɗin nan masu aikin yanka da ɗinki a jikin mai rai, wanda sana'arsa tuɓe hulunan. Masana suna taƙaita sunansa da PME. Duk inda ya tuɓe, wurin sai ya zama mai jan kalsiyam. Shi kuwa kalsiyam hannu biyu gare shi: ya riƙe wannan sarƙa da ɗaya, ya riƙe waccan da ɗaya. Idan aka samu 'ya'yan carbi wajen goma a jere duk babu hula, sai kalsiyam ya jeru tsakanin sarƙoƙi biyu kamar ƙwai a kiret, su ɗinke. Masanan Birtaniya da suka kawo wannan siffa a 1973 da kwalin ƙwan suka kwatanta ta, sunan kuma ya bi ta har yau.

Ashe jimlar da na haddace gaskiya ce, sai dai tana da sharuɗɗan da ban kula da su ba, kuma na farkonsu ne ya kayar da ni: sai kalsiyam ya isa wurin. Fatar tumatir tana da kaki, ba ta kuma da 'yan ƙofofin numfashi irin na ganye. Yawancin abin da zai shiga ko ya fita ta gurbin hanci yake bi. Ruwan da nake tsoma shi a ciki a fata yake tsayawa. Da na yanka tumatirin gutsi-gutsi na jiƙa a wannan ruwan, sannan na tafasa shi gefe da gefe da wanda ban jiƙa ba, bambancin ko makaho ya shafa ya ji. Wannan gutsattsarinsa suna nan da kusurwoyinsu, wancan ya narke ya zama miya. Kamfanonin da ke sa yankakken tumatir a gwangwani haka suke yi, suna ƙara ɗan gishirin kalsiyam don kada ya dagargaje. Ranar ce na fara ganin lambar na'ura ta dace da abin da yatsana ke ji.

Tumatirin da ke gona kuwa ta saiwa kalsiyam ɗinsa ke zuwa, cikin ruwa, kuma ruwan ya fi bin ganye domin ganye ne ke fitar da shi ga iska. 'Ya'yan kaɗan suke samu, gindin ɗan kuma, can nesa da hanci, shi ne na ƙarshe a layi. Idan aka yi ban-ruwa yau aka tsallake kwana da kwanaki a lokacin da 'ya'yan ke ƙanana suna girma, sai gindin ya yi baƙin tabo ya lotsa. Na ga wannan a lambunan bakin Kogin Kaduna. Na ga manomi ya sayo maganin feshi da guminsa yana fesa wa abin da ba ƙwaro ba ne, ba kuma cuta mai yaɗuwa ba. Sau da yawa ƙasar tana da kalsiyam ɗinta, ruwan da zai ɗauko shi ne bai zo a kan kari ba. Abin yana ci mini rai, domin maganar minti biyar ce za ta tsare masa kuɗinsa.

Rabin abin da na koya a wannan shekara, a madafin gidanmu na Tudun Wada na koye shi. Wata Asabar ina dafa wake, na zuba markaɗen tumatir tun waken bai yi nisa ba don in rage wa kaina aiki. Inna ta leƙo ta ga tukunyar. "Ke, wa ya ce ki sa kayan miya yanzu? Ai kin ɗaure shi. Yau sai la'asar." Ta murmushe 'yar kanwa ta jefa. "Bari mu gani ko za ta cece shi." Na tsaya da ludayi a hannu, domin abin da na kwana ina karantawa ne take faɗa da kalmominta.

Zafi yana tsinka sarƙar fektin, amma a wuraren da ke da hula yake samun ta, kuma tsinkewar ta fi sauri idan ruwan ba shi da tsami. Ɗan tsami irin na tumatir ko tsamiya yana rage mata gudu ƙwarai, yaɓen tsakani ya ƙi saki, wake ya yi ta tafasa yana nan da ƙarfinsa. Kanwa kishiyar tsami ce, don haka tana buɗe wa tsinkewar hanya. Tana da aiki na biyu kuma: cike take da sodiyam, shi kuwa hannu ɗaya gare shi. Idan ya ture kalsiyam ya zauna a gurbinsa, sarƙa ɗaya zai riƙe, ɗayar ta tafi abinta. Uwar gami ake mata kirari, amma a tukunyar wake rabawa take yi. Sai dai a san hannu, don idan ta yi yawa tana lalata bitamin B1 da ke cikin waken, ga shi ta bar ɗanɗano kamar na sabulu.

Tsohon wake ma Inna tana gane shi daga yadda yake cin gawayi. Bayanin da ya fi karɓuwa a wurin masana shi ne, a cikin wake akwai wani sinadari mai suna fayitet da ke riƙe da kalsiyam da magniziyam. Idan wake ya sha zafi da laima a ajiya, kamar yadda yake sha a ɗakunanmu da damina, fayitet ɗin sai ya rushe ya sake su, a lokaci guda PME yana ta tuɓe huluna, sai su haɗu su ɗinke yaɓen tun wake yana cikin buhu. Ruwan rijiya mai yawan kalsiyam ma yakan yi makamancin haka a tukunya.

Sannan ga dankalin turawa ko karas da wuta ta mutu a ƙarƙashinsa yana tsakiyar dahuwa. Duk mai girki ta san in ya daɗe zaune a ruwan ɗumi, ko an sake hura wuta da ƙyar zai yi laushi. Tsakanin digiri 50 da 70 a ma'aunin Selshiyos, zafin bai kai ya kashe PME ba, zaburar da shi ma yake yi. Ya tuɓe huluna, kalsiyam ɗin da ya ɓulɓulo daga ƙwayoyin da zafi ya raunana ya ɗinke sarƙoƙi, sarƙar da ba ta da hula kuma wuta ba ta tsinka ta da sauƙi. Abin da ke ɓata wa mai girki rai, masana'antu da gangan suke yin sa ga kayan lambun da suke so ya riƙe jikinsa a gwangwani.

A tsakiyar waɗannan gwaje-gwajen ne wani abu ya faɗo mini game da harshenmu. Mangwaro a bishiya, mu ce ya nuna. Wake a tukunya, mu ce ya nuna. Wanda bai kai ba, ko a reshe yake ko a kan wuta, ɗanye ne. Na girma ina faɗar haka ban taɓa tsayawa na yi tunanin dalilin da kalma ɗaya ta ɗauki abu biyu ba, sai ranar da na sa dafaffen dankali a madubi na ga ƙwayoyinsa sun warwatse daidai yadda na nunannen tumatir suka warwatse. A bishiya enzayim ne ke kwance yaɓen sannu a hankali cikin kwanaki. A tukunya wuta ce ke kwance shi cikin sa'a guda. Waɗanda suka bar mana kalmar ba su da madubi. Haƙori da yatsa suka bi, kuma sun dace.

Enzayim ɗin da ya fi suna a nunar tumatir shi ne PG, almakashin da ke datsa sarƙar bayan an tuɓe mata hula. Yana cika tumatir da zarar ya fara ja, shi ya sa aka daɗe ana ɗora masa alhakin laushi. Wani kamfani a Kalifoniya, Calgene, ya toshe ƙwayar gadon da ke ƙera shi, ya fito da tumatir mai suna Flavr Savr a 1994, amfanin gona na farko da aka sauya wa ƙwayoyin gado aka kai kasuwa don ci. Burin shi ne a bar shi ya nuna a gona, a kuma yi doguwar tafiya da shi bai lotse ba. An rage almakashin ƙwarai, tumatirin ya fi jimawa bai ruɓe ba, amma laushi bai fasa zuwa ba, kuma a 1997 aka daina noma shi. Sai a 2016 ayarin Graham Seymour na jami'ar Notingham a Ingila suka nuna cewa toshe wani almakashin daban, fektet layes, yana sa tumatir ya riƙe ƙarfinsa ba tare da launinsa ya lalace ba. Shekara 22 ke tsakani. Da na karanta wannan, kwanduna biyun da na yi asara suka daina yi mini nauyi a zuciya, na kuma daina sakin jiki da duk bayanin da ya rataya laushi a wuyan abu ɗaya tak.

Inda ƙarfin PG ke fitowa sarari shi ne markaɗe. Da inji ya farfasa ƙwayoyin, PME da PG sun sami sarƙoƙin a fili, cikin 'yan mintuna sun fara daddatsa su. Shi ya sa markaɗen da aka dawo da shi daga inji aka ajiye a bokiti aka shiga hira, in an zo dafawa sai a tarar ya tsinke, ruwa gefe, tsoka gefe. Masu yin tumatirin gwangwani mai kauri nan take suke ɗaga zafin markaɗen zuwa digiri 85 ko sama, su kashe enzayim ɗin kafin su yi ɓarna. Wannan ne abu ɗaya da ni na kawo wa Inna: yanzu takan ɗan tafasa tumatir kafin a kai inji, ko ta ɗora tukunya kafin yaro ya dawo.

Wani abin kuma ya ɗaure mini kai na makonni, wato tuɓe hula ba kullum yake kawo tauri ba. A 2011 Alexis Peaucelle da abokan aikinsa a Faransa suka latsa kan tohon wata 'yar ciyawa da ake yawan gwaji da ita, Arabidobsis, da wata na'ura mai allura siririya ƙwarai. Suka tarar daidai inda sabon fure zai ɓullo an tuɓe wa fektin huluna, kuma wurin laushi ya yi. Na yi ta juya abin har na fahimce shi haka: sarƙar da aka tuɓe a mararraba take. In kalsiyam ya riga isowa, ta ɗinke. In almakashi ya riga shi, ta daddatse. In babu ko ɗayansu, 'ya'yan carbin da suka rasa hula ture juna suke yi, su jawo ruwa, bango ya kumbura ya yi taushi. Daniel Cosgrove na jami'ar Penn State a Amurka, wanda ɗakin gwajinsa ya shafe shekaru yana aiki da siririyar fatar nan ta albasa, ya ƙara haske a 2020: da suka sa wa fatar PME ta kumbura, ta yi laushi ga allurar da ke latsa ta, amma hakan bai sa ta riƙa miƙewa irin miƙewar girma ba idan an ja ta. A wajen ja, selulos, wato ƙaƙƙarfan zaren da ke cikin bangon ƙwaya, shi ke ɗaukar mafi yawan nauyi. Maginanmu na gargajiya sun san wannan rabon aiki, ƙasa ke tare danni, ciyawar da aka kwaɓa a cikinta ke hana bango tsagewa. Tun daga nan, in wani ya ce mini abu ya yi tauri, tambayata ta farko ita ce: latsawa ka yi, ko ja, ko hudawa?

Bayan nuna sai ruɓa, ita ma a kan fektin take tafiya. Ƙwayoyin cutar da ke mayar da tumatir ruwa mai wari, irin su Pectobacterium, makaminsu almakasan fektin ne da suke fesowa. Su narkar da yaɓe, ƙwayoyin tsoka su rabu su mutu, su kuma su sha ruwan. Lafiyayyar fata ba sa iya huda ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a kwandon saƙa tsaga ba ta wuya. Tsinken kwando ya soki na gefe, nauyin na sama ya murƙushe na ƙasa, an ɗora kwando kan kwando, mota ta faɗa rami. Ruwan guda ɗaya ya gangara kan goma. Kafin a isa kasuwar Mile 12 a Legas an sami abin da 'yan kasuwa ke kira baje, wanda manomi ya yi wata uku yana ba shi ruwa. Da na fara binciken nan sinadarin tsomawa nake nema. Da na gama, na fi ba da gaskiya ga kiret ɗin roba mai shan iska, da tsinka da sanyin safiya, da ajiyewa a inuwa.

Kakana na wajen uwa, a ƙauyensu ta wajen Soba, yakan ɗaure karan rama dami-dami ya danne a kududdufi da duwatsu, ya bar shi kwanaki har ruwan ya yi wari, sannan ya ciro ya saɓule zaren ya wanke ya shanya, ya zauna tufkar igiya. Ina yarinya warin kawai na sani. Yanzu na san ƙananan halittun cikin ruwan ne ke cinye fektin ɗin da ya manne zaren da sauran ɓawo, su bar masa selulos. Aikin da ke jawo wa mai tumatir asara shi ke ba mai rama igiya. Gwanintar tana wurin sanin ranar cirewa: a yi gaggawa zare ya ƙi rabuwa, a yi jinkiri ya yi rauni ya riƙa tsinkewa a hannu. Shi da farce yake gwadawa.

Binciken nawa dai ya sauya fasali. Na daina haɗa iri da iri, domin tumatir irin UTC mai kaurin tsoka da mai siririyar fata da yawan ruwa ba tafiyarsu ɗaya ba, na kuma riƙa ware su gwargwadon nunarsu tun ranar farko. Kowanne sai na auna nauyinsa don in san ruwan da ya rasa, in matsa shi sukutum tsakanin faranti biyu ba tare da na fasa shi ba, in fere fata in huda tsokar ita kaɗai, sannan in duba 'yar yanka a madubi in rubuta ko fashewa ƙwayoyin suka yi ko rabuwa. Aikin ya ninku, rahoton kuma bai kai tsawon da na yi niyya ba, amma babu layin da ba zan iya tsayawa a kansa ba.

Kwandon ƙarshe a watan Maris na je saye, zafi ya fara sauka. Wannan karon na zauna a bencin Baba na roƙe shi ya nuna mini a hankali. Ya ɗauki ɗaya ya ɗan jinjina shi a tafin hannu. "Mai nauyi bai sha iska ba." Ya dafa kafaɗarsa ya ɗage yatsa, ya ce in kalli wurin in ga ko zai dawo. Ya juya shi ya nuna mini kewayen hanci, inda 'yan tsage-tsage ke fara fitowa. Sannan ya zaro wani ya sa mini a hannu.

"To, Malama, wannan fa?"

Na jinjina shi, na duba hancin, na dafa kafaɗar. Wurin ya dawo, amma ba da sauri ba. Na ce, "Baba, Abuja."

Ya karɓa ya dafa daidai inda na dafa. "Zai wuce Lokoja," ya ce, "in dai ba a ƙasan kwando aka sa shi ba." Ya ajiye shi gefe, ya zaro wani ya miƙo mini.